Zuwa Ganin Dabbobi Karatu Ne, In An San Ladabinsa

Ƙannena maza da mata, duk shekara idan watan Babbar Sallah ya kama, bakin manyan titunan biranenmu kan cika da raguna, matasa kuma su yi dafifi wajen kallo. Za ka ga saurayi ya ɗaga waya, ya jingina da wani ƙaton rago fari fat, ya ɗauki hoto, ya tambayi kuɗinsa, ya riƙe baki, ya wuce. In ka tare shi bayan taku goma ka ce wane irin rago ne wannan, shekararsa nawa, me aka ba shi har ya yi wannan jiki, ba zai amsa maka ko ɗaya ba. Haka abin yake a wuraren baje kolin dabbobi da ake shiryawa musamman domin jama'a su zo su gani: a shiga, a zaga, a fito da ƙura a ƙafa, kai kuwa yana nan yadda aka shiga da shi. Nasihata gare ku ita ce ku riƙa zuwa waɗannan wurare, ku yawaita zuwa ma, amma ku je a matsayin ɗalibai. Sanin dabba ilimi ne mai zaman kansa, ba ya shiga kai sai mutum ya tsaya kusa da ita, kusa kuma da wanda ya san ta. Kamar kowane ilimi, shi ma yana da ladabinsa, wato girmama mai dabba, tausasa wa dabbar kanta, da kiyaye lafiyar jikinka da ta dabbobin da ka baro a gida.

Wuraren zuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai baje kolin noma na ƙasa da ake yi a Tudun Wada, kan hanyar Abuja zuwa Keffi a Jihar Nasarawa, inda jihohi da cibiyoyin bincike ke kai amfanin gona da dabbobi. A Yamai akwai baje kolin noma da kiwo da ake kira Sahel, inda makiyaya daga sassan Nijar ke kawo zaɓaɓɓun dabbobinsu. A Ingal ta jihar Agadas, wajen watan Satumba idan damina ta ja baya, Abzinawa da Fulanin Bororo kan hallara da raƙuma da shanu domin dabbobi su sami gishirin da ke cikin ruwa da ƙasar yankin, a yi tseren raƙuma, a yi wa garkuna rigakafi; wannan shi ne bikin da aka fi sani da Cure Salée. Amma baje kolin da ya fi duka girma, wanda ba ya jiran shekara ta zagayo kuma ba ya buƙatar katin gayyata, shi ne kara da tike na kasuwanninmu na mako. Potiskum tana ci ranar Laraba, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, haka ma Balleyara a Nijar. Wanda ya tsaya a Maigatari da hantsin Alhamis zai ga raƙuma da shanu da tumaki waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Nijar, zai kuma ga manyan motocin da za su kwashe su zuwa Legas da sauran biranen kudu. A fili guda ya ga mafarin wannan sana'a da maƙurarta.

Darasi na farko da irin wannan fili ke koyarwa shi ne cewa kalmar saniya ko tunkiya ba ta isa suna ba. Fararen shanun nan masu baƙin kunne da baƙin hanci su ne Bunaji, su suka fi yawa a Nijeriya. Jajaye masu dogayen ƙafafu da ƙaho mai miƙewa sama su ne Rahaji, gwanayen doguwar tafiya ne, ba sa kuma yarda da baƙo da wuri. Masu gajeren ƙaho da sakakkiyar fata da sanyin hali su ne Bokoloji na ƙasar Sakkwato, masu turke suna son su saboda saurin ɗaukar nama. Azawak na arewacin Nijar da Mali sun shahara da yawan nono a ƙasar da ciyawa ba ta daɗewa. Kuri na Tafkin Chadi ba su da tozo, ƙahonsu kumburarre ne, suna ninƙaya daga tsibiri zuwa tsibiri neman abinci. A ɓangaren tumaki, Balami ita ce babba fara mai lanƙwasasshen hanci da zuruzurun kunnuwa, Uda rabin jikinta na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari, 'Yar ƙasa kuwa matsakaiciya ce mai juriya. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, tana yawan haifar tagwaye, fatarta kuma ita ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Kowane iri a cikin waɗannan amsa ce ga yanayin wata ƙasa, amsar da makiyaya suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna zaɓe da tacewa kafin su kai gare ta. Matashin da ya fahimci wannan ba zai zuba jarinsa a dabbar da ba ta dace da ruwa da ciyawar garinsu ba don kawai ta yi masa kyau a ido.

Darasi na biyu yana hannun tsohon dillali, sai ku nemi wuri kusa da shi ku ga yadda yake duba rago. Ba ya farawa da taɓawa. Yakan tsaya ɗan nesa ya dubi tsayuwar dabbar, ya ga ko tana tuƙa hankali kwance, ko kuwa ta ware daga 'yan'uwanta ta sunkuyar da kai. Sai ya sa a kwance ta ta taka, domin ɗingishi ba ya ɓuya a tafiya. Sannan ya matso ya ɗora tafin hannunsa a gadon bayanta, ya bi ƙashin baya da yatsu har gindin wutsiya, ya damƙi ƙirji, saboda a nan nama da kitse na gaskiya suke, ciki kuwa ana iya kumbura shi da kanwa da ruwa da safiyar kasuwa. Ya ja fatar ido ta ƙasa: in cikin ja ne, jini ya wadata, in ya yi fari, tsutsar ciki ko ciwon hanta sun shanye shi. Ya leƙa hanci don majina, ƙarƙashin wutsiya don zawo. Daga ƙarshe ya buɗe baki. Tumaki da awaki da shanu ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, a ƙasa ne suke da takwas. Rago yakan fid da manyan haƙora biyu na farko tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, ya riƙa ƙara biyu kusan kowace shekara, har su cika takwas wajen shekara huɗu. Sa kuwa biyun farko sukan fito wajen shekara biyu. Duk wannan bincike bai fi 'yan mintoci ba a hannun gwani. Shi ya sa Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ku tuna kuma malamanmu sun ƙayyade shekarun dabbar layya, sun ce mai ido ɗaya da gurguwa da mara lafiya da ramammiya ba sa isarwa. Wanda bai iya duba dabba ba, ko a ibadarsa ya dogara ne kacokan da gaskiyar mai sayarwa.

Wani zai ce duk wannan yana cikin waya, ga bidiyoyi nan birjik a YouTube da TikTok, me zai sa ya je ya sha rana da ƙura. Ba na raina abin da ke cikin waya, yana da amfani ƙwarai wajen sanin sunayen cututtuka da lissafin abinci da farashi. Sai dai akwai abubuwan da hoto ba ya ɗaukowa. Bambancin baya mai nama da baya mai ƙashi a yatsu yake, ba a ido ba. Warin kofaton da ya fara ruɓewa, da sautin numfashin saniyar da ciwon huhu ya kama, da zafin kunnen akuya mai zazzaɓi, duk sai an kusanta ake sanin su. Mai ɗaukar bidiyo yakan zaɓi dabbarsa mafi kyau da kusurwar da ta fi fito da ita, a kara kuwa kana ganin mai kyau da mara kyau kafaɗa da kafaɗa, kuma da kwatantawa ido ke koyo. Ƙari a kan haka, yawancin darussan da ke intanet an yi su ne a kan shanun Turai da ke cin abincin da ba mu da shi, cikin sanyin da ba namu ba. Mutumin da zai gaya maka yawan dusa da harawa da ƙowar wake da ragon turke ke buƙata a watan bazara a Kazaure ko Tasawa yana zaune ne a kan tabarma a bakin tike. Yanzu da cinikin dabbobi ya shiga waya, ana turo hoto a tura kuɗi, wanda bai horar da idonsa ba cinikin biri a sama yake yi.

To amma wannan mai ilimi da ke kan tabarma ba zai buɗe maka cikinsa ba sai ka zo masa ta ƙofa. Ka fara da sallama da gaisuwa cikakkiya, ka kira dattijo Baba ko Alhaji, makiyayi ka ba shi girmansa kamar yadda za ka ba malaminka na aji. Ka faɗi gaskiya tun farko cewa koyo ka zo, ba saye ba, domin kada ya ɓata lokacin kasuwarsa a kanka. Kada ka taɓa dabba, kada kuma ka ɗauki hotonta, sai da izinin mai ita. In ta burge ka, ka ce tubarkalla ko masha Allah, domin mutanenmu suna gudun baki a kan dukiyarsu. Kada ka tambayi makiyayi yawan shanunsa, wannan daidai yake da tambayar ɗan kasuwa abin da ke asusunsa na banki. In ka tarar ana ciniki, ka yi shiru har a sallama ko a ce albarka, kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, addini ma ya hana taya kaya don kawai a ɗaga farashi. Lokacin tambaya shi ne idan kasuwa ta lafa, bayan azahar, an zauna ana shan ruwa. A lokacin, tambaya ɗaya mai ma'ana, kamar me ya sa ya fi son wannan karsana a kan waccan, za ta iya jawo maka bayanin da ba za ka samu a littafi ba.

Ladabi ga dabbar kanta yana farawa da sanin yadda take ganin duniya. Idanun saniya a gefen kai suke, tana hango kusan duk kewayenta, ban da bayanta daidai wutsiya. Wanda ya ɓullo mata ta nan ba zato, a wurinta kamar kura ce ta zo, kuma za ta amsa da ƙafa. Ba ta iya auna zurfi sosai, shi ya sa inuwa ko kwata ko leda mai kaɗawa kan sa ta toge. Kunnenta ya fi naka ji, ihu da tafi da ƙarar waya suna tunzura ta. Wata farfesa Ba'amurkiya, Temple Grandin, ta yi suna a duniya da bayanin irin waɗannan halaye da tsara shingayen da shanu ke bi ba tare da firgita ba, kuma mai lura zai ga yaron ruga yana aiki da yawancinsu ba tare da ya karanta ba. Saboda haka ka tunkari dabba ta gefen kafaɗa inda take ganin ka, a hankali, kana magana ƙasa-ƙasa, ka bari ta sansana hannunka kafin ka shafa wuyanta. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kada ka ba bijimi baya komai sanyin halinsa. Saniya tana iya shuri ta gefe, doki da jaki sun fi harbi ta baya, kuma dokin da ya kwantar da kunnuwansa baya gargaɗi yake yi maka. Raƙumi yana cizo, musamman amale a lokacin sanyi idan ya fara kumfar baki. Rago in ya ja da baya yana kallon ka, tunkuyi yake shirin yi, kuma wasan tura masa goshi da yara ke yi shi ke koya masa tunkuyin mutane. In aka ba ka igiya ka riƙe, kada ka naɗe ta a hannu, domin in dabbar ta zabura za ta ja ka ko ta karya maka yatsu.

Akwai kuma cutarwar da ake yi wa dabba da sunan ƙauna. Baƙo yakan miƙa mata burodi ko biskit ko ragowar abin da ke hannunsa, bai san cikin mai tuƙa ɗakuna huɗu ne ba, kuma ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a babban tumbi ba sa jure canjin abinci kwatsam. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana iya kumbura rago ya kashe shi kafin wayewar gari. Ledar da ka yar a filin baje koli, akuya za ta lashe ta don ɗanɗanon gishiri ko mai, ta zauna a tumbinta ba ta narkewa, dabbar ta riƙa ramewa mai ita yana ta sayen magani. Mahauta sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga cikin dabbobin gari. In kun je da ƙananan yara, ku riƙe hannunsu, ku hana su hawan tumaki da jan wutsiya da jifa. Wannan tarbiyya ce da ta wuce tsaron lafiya. Addininmu ya ba mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Yaron da ya koyi sassauta hannunsa a kan abin da ba ya iya kai ƙara, zai girma da wannan hali a kan mutane.

Iyaye da yawa suna hana 'ya'yansu zuwa saboda tsoron cuta, kuma tsoronsu yana da tushe. Masana lafiya sun ƙiyasta kusan kashi 60 cikin 100 na cututtukan da ke kama ɗan'adam ta hanyar ƙwayoyin cuta, tsakaninsa da dabbobi suke yawo. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a farkon 2006. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar anthrax, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona kusa da Suleja. Ko a Ingila, inda ake taƙama da tsafta, a 2009 mutane 93, yawancinsu ƙananan yara, sun kamu da ciwon ciki mai tsanani bayan sun ziyarci wata gonar da ake kai yara su shafa dabbobi. Amma in aka duba yadda waɗannan cututtuka ke shiga jiki, sai a ga ƙofofinsu sanannu ne, kuma rufe su ba ya da tsada. Yawancinsu ta hannu suke bi zuwa baki. Don haka kada ka ci, kada ka sha, kada ka sa yatsa a baki ko ido a tsakiyar dabbobi, kuma ka wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ka taɓa abinci. Ka sa rufaffen takalmi, ka rufe duk wani rauni da ke jikinka. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da bakkale da tarin fuka. Kaska kada ka murƙushe ta da yatsu, domin wasu na ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. Mai juna biyu ta nisanci dabbar da ke haihuwa ko wadda ta yi ɓari. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a taɓa ta, kada a feɗe ta, a kira likitan dabbobi. Wanda ya kiyaye waɗannan ya toshe mafi yawan haɗarin, wanda kuwa aka tsare a gida bai koye su ba, ranar layya zai tsoma hannu cikin jini da tumbi ba tare da sanin komai ba.

Haɗarin da matasa suka fi mantawa da shi shi ne wanda su da kansu suke ɗauka su kai wa dabbobi. Wurin da dabbobi daga garuruwa da yawa suka haɗu, cututtukansu ma sun haɗu. Ciwon baki da ƙafa, wanda makiyaya ke kira boru, yana iya bin takalmi da tufafi da tayar mota. Wanda ya dawo daga kara ya zarce garken gidansu ko ɗakin kaji da takalmin da ya je da shi, yana iya zama shi ne ya kai musu annoba. Ka wanke takalmi, ka sauya kaya, kuma duk dabbar da aka sayo a ware ta mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida. Tarihi ya nuna mana girman wannan lamari. Annobar shanu da ake kira bushiya ta ratsa ƙasashenmu wajen 1890, ta shafe mafi yawan shanun makiyaya. Yaƙi da ita na cikin dalilan da suka sa aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos a 1924. A 1962 aka fara gagarumin rigakafin haɗin gwiwa a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Da aka yi sakaci, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta sake yin ɓarna. Sai a 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga duniya, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa gamawa da ita bayan agana. Allurar rigakafi da killace dabba mara lafiya da haɗin kan makiyaya ne suka kawo wannan nasara, kuma kowane mai shiga tsakanin dabbobi yana da nasa kason a irin wannan tsaro.

Akwai kuma masu ganin cewa harkar dabbobi ta mutanen ƙauye ce, ba ta dace da mai digiri ba. Wannan tunani ya saɓa wa addini da tattalin arziki baki ɗaya. Annabawa sun yi kiwo, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwon tumaki a Makka kafin a aiko shi. A Nijar, dabbobi na cikin manyan abubuwan da ƙasar ke fitarwa waje. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo a 2024, alhali ƙasar na kashe maƙudan kuɗi kowace shekara wajen shigo da madarar gari. Cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya ita ta samar da kajin ƙwai da ake kira ShikaBrown. Tashar Tukunus a Nijar ta ɗauki shekaru tana tace irin shanun Azawak, a Maraɗi kuma akwai cibiyar jar akuya. Waɗannan wurare suna buƙatar masu karatu, kuma mai karatun da ya fi amfani a cikinsu shi ne wanda ya san dabba da hannunsa, ya iya magana da makiyayi. Likitancin dabbobi, haɗa abincin dabbobi, tara madara da sarrafa ta, jima, sufuri, duk sana'o'i ne da ke jiran matasa. 'Yan mata kuma kada ku ɗauka maganar ba ta shafe ku ba. A gidajenmu yawancin awaki da tumaki da kaji na mata ne, da su ake haɗa kayan ɗaki, a biya kuɗin makaranta da na asibiti. Yarinyar da ta san cewa akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ta san lokacin rigakafi da alamomin rashin lafiya, ta ninka darajar abin da ke turken mahaifiyarta.

Wani kuma zai ce dabbobin baje koli na masu kuɗi ne, an wanke su da sabulu an ciyar da su abin da talaka ba zai iya saye ba, kallonsu ba ya ƙara wa mai akuya biyu komai sai takaici. Akwai gaskiya a ciki. A Senegal ana gasar raguna irin Ladum, waɗanda kuɗin wasunsu ya fi na mota, a wurinmu ma akwai masu turka rago don a yi magana. Kuskure ne matashi ya ɗauki irin wannan rago a matsayin ma'auni, ya ci bashi ya sayi abin da ba zai iya ciyarwa ba. Amfanin ganin dabba mafi kyau shi ne ka san iyakar abin da irinta ke iya kaiwa, sannan ka tambayi abin da ya kai ta can. Sau da yawa amsar ba ta da tsada: uba mai kyau, ruwa mai tsabta a kan lokaci, maganin tsutsa, inuwa, turke mai shara. Ka tambayi kuma abin da aka kashe da abin da aka samu, domin girman rago daban, riba daban. Kada ka tsaya a rumfar da jama'a suka fi cika. Ka nemi rumfar cibiyoyin bincike da ta likitocin dabbobi, inda sau da yawa ma'aikata ke zaune ba mai tambayarsu komai.

Ba zan ɓoye muku maganar tsaro ba. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga sun taɓa wannan sana'a sosai, har a 2021 gwamnatocin wasu jihohin arewa maso yamma, ciki har da Zamfara da Katsina, suka rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci. Ku zaɓi kasuwar da hanyarta ke lafiya, ku je da rana tare da babba wanda ya san wurin, da sanin iyayenku, ku dawo da wuri. Sai dai wannan yanayi da kansa ƙarin dalili ne na zuwa inda ake iya zuwa. Matashin birni da bai taɓa zama da makiyayi ba, abin da ya sani game da shi daga jita-jita da hotunan waya ne kawai. Wanda ya zauna ya ji daga bakin mai garke yadda burtali ya toshe, yadda mashaya ta ƙafe, yadda shi ma ɓarayi suka kore masa shanu, zai yi wuya ya yi wa al'umma guda kuɗin goro. Makiyayin ma da ya ga ɗan manomi ya zo masa da girmamawa yana neman sani, ya ga wata fuska ta mutanen gari. Noma da kiwo sun daɗe suna ciyar da juna a ƙasar nan, taki daga garke, karmami da harawa daga gona, kuma kara na cikin wuraren da suka rage inda ɓangarorin biyu ke haɗuwa kowane mako su yi musafaha.

Saboda haka, ƙannena, ranar kasuwa mai zuwa ko baje koli na gaba, ku shirya tun daga gida. Ku ɗauki ƙaramin littafi da biro da ɗan sabulu. Ku tafi da tambaya ɗaya da kuke son amsarta, misali yadda ake gane shekarun rago, ku yi ta a wurin mutum uku, ku rubuta inda suka dace da inda suka saɓa. Ku kintaci shekaru da kuɗin dabba a zuci kafin a buɗe bakinta ko a sallama ta, ku ga nisan da ke tsakanin hasashenku da na gwanaye. Zuwan farko za ku yi kuskure da yawa, na biyar za ku fara dacewa, domin ido da maimaici yake nuna. Idan kun ji ƙafarku ta tsaya, ku fara da abin da ƙarfinku zai ɗauka, ko da 'yar akuya ɗaya ce ko kaji biyar, ku kula da su da abin da kuka koyo, kuma ku koma wurin dattijon da ya koya muku ku gaya masa yadda ta kasance. Allah Ya sa albarka a abin da za ku kiwata, Ya ba ku ilimi mai amfani.